Sunan da Mawande Ya Dawo da Shi

Waɗanda muke tare tun farko kun san ni. Wanda yau ya shigo, sunana Ludwe, ni nake horar da Shaho, ƙungiyar zari-ruga ta ƙauyenmu, tun da gwiwata ta hana ni gudu. Wata a cikinku ta rubuto wai in rage zancen ƙwallo in ba ku labarin Yondela. 'Yar'uwa, ki yi haƙuri. Yau zancen ɗaya ne.

In ƙwallo ta fita waje, layi biyu ake yi, namu da nasu, a jefo ta ta tsakiya. Mutum biyu su ɗaga ɗaya sama ya cafe. Kowace ƙungiya tana da lambar sirri da take kira don a san wanda zai tashi. Mu ba mu da lamba, sunan dangi muke kira. In Fundile, kyaftin ɗinmu mai jifa, ya ce "Jola", to Jola ne zai tashi. In ya ce "Tolo", Mawande ne.

Wajen Tata Zolile na gada, tsohon kocinmu. Na taɓa ce masa ai abokan karawa za su gane.

Ya ce, "Su gane mana. Ka kira mutum da lamba, ƙafarsa ce kawai za ta yi tsalle. Ka kira shi da kakanninsa, su ma sai sun sa hannu."

Shi ya sa na haddace dangin kowane ɗan wasana. Da wannan nake taƙama.

Mawande da Yondela tagwaye ne. Uwarsu ta rasu suna rarrafe, ta tafi da sunan ubansu a bakinta. Ƙanwarta ce ta raine su, suka tashi da sunan dangin uwa. Ranar da na fara tare Yondela a bakin famfo, tambayar da kowane mai hankali yake fara yi na yi mata.

"Ke 'yar wane dangi ce?"

"Tolo. Kai fa?"

"Maduna."

Ta gyara bokitinta a ka. "To ka tsira. Ci gaba da ƙaryar da ka zo da ita."

Da Maduna ta ce, da sannu ƙanwata zan ce mata in wuce. Mai sunan danginka, ko daga bakin teku ta fito, ƙanwarka ce.

Ba ta taɓa kirana Bhuti ba, yadda 'yan mata suke kiran yayyensu. Koci take ce min, tana jan kalmar kamar zagi. Na yi ƙorafi sau ɗaya, ta ce, "Bhuti na Mawande ne, shi da ya ture ni ya riga ni fitowa. Ni ba na auren Bhuti."

Bara ne Mawande ya fara lalacewa. Mutum dogo kamar an ja shi, wanda ba a taɓa ƙwace masa ƙwallo a sama ba, ya koma tana zame masa a hannu. Ya rame. 'Yan wasa suka ce in ajiye shi. Na ƙi. Na zaunar da shi a kan kwamin shayar da shanu bayan atisaye, na tsare shi har ya gaji ya yi magana. Wai wani mutum yake gani a mafarki, kullum ya juya masa baya.

Na ce, "Ka je ka nemi mutanen ubanka."

"A ina?"

"Tsohuwar da ta karɓi haihuwarku tana nan da rai. Ka fara da ita."

Ya ɗauki watanni yana bin zare. Ranar da zai tafi can wajen garin Cofimvaba, inda zaren ya kai shi, jakata na ba shi da rigar sanyina. Na dawo gida ina jin ni wani ne. Na ce a raina, ga yadda ake riƙe mutane.

A gida kuwa Makhulu, kakata da ta raine ni, ta riga ta tsayar da rana. Asabar ɗin bayan Ista baffannina za su je gidan su Yondela neman aure. Ta sa an shafe ɗakina da shuɗin fenti. Ta sayo barguna ta jera a kan akwati, ba ta yarda ko kyanwa ta hau ba.

Mawande ya dawo ana saura kwanaki kaɗan wasan ƙarshe na gasar Ista, wanda za mu kara da 'yan Gada a kan rago. Ina korar shanu daga fili na hango shi da jakata. Ya yi ƙiba kaɗan. A wuyan hannunsa akwai zoben fatar akuya, sabuwa, gashinta bai ko kwanta ba.

Ya ce, "Ya rasu, Koci. Amma na ga kabarin. Na ga yayansa, hancina ne a fuskarsa."

"Sun yanka maka?"

"Sun yanka."

"Mafarkin fa?"

"Ya juyo."

Na daki kafaɗarsa ina dariya. "To faɗa min, me Fundile zai kira ran Asabar?"

Ya kalli takalminsa. "Maduna."

"Na'am, ina jinka."

"Ba kiranka na yi ba, Koci. Amsa na ba ka."

Wata saniya ta dawo cikin fili ta tsaya kusa da mu tana cin ciyawa. Ban kore ta ba.

"Wa ya sani?"

"Yondela kaɗai."

Kafin in kai gida wayata ta yi ƙara. Yondela ce.

*Koci kar ka ce komai ga kowa*

*Ka ji?*

*Ina ganin ka karanta*

Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa. A ƙarshe na tura mata: *Gobe a bayan coci.*

Ta zo da tsohuwar rigar wasana a jikinta, wadda ta kai mata gwiwa, da ɗankwali ruwan ƙwai, hannunta duk garin fulawa. Fanke take soyawa tana sayarwa a bakin fili duk ranar wasa. Ba ta zauna ba.

Ta ce, "Akuyar da aka yanka ta Mawande ce. Ni ko kaza ba wanda ya yanka min."

"Ciki ɗaya kuka kwanta."

"To? Shi ya fito da ubansa, ni na fito da uwata."

"Yondela."

"Kar ka Yondela ni. Mutumin nan bai taɓa saya min ko takalmin makaranta ba. Yana kabari zai miƙo hannu ya ɗauke min miji? Ka tambaye ni a bakin famfo, na faɗa maka gaskiya. Har yau ita ce gaskiyata."

"Me kike so in yi?"

"Ran Asabar ku kira Tolo, yadda kuka saba. Wasa ɗaya. In baffanninka suka zo, innata za ta ce Tolo, don shi ta sani. In an karɓi magana an sha abin sha, an gama."

"Mawande fa?"

"Ya ce abin da Koci ya ce."

Ta goge hancinta da bayan hannu, fulawa ta ɓata mata kunci. Na ɗaga hannu zan share, sai na ga hannun ya tsaya a hanya. Ita ma ta gani.

Ta ce, "Har ka fara?"

Na share. Amma ta riga ta gani.

Ranar Alhamis na tarar da Makhulu tana guge jar rigarta ta matan coci, farar hular tana rataye a ƙusa.

Na ce, "Makhulu, in mutum ya auri 'yar danginsa fa?"

Ba ta ɗago ba. "In bai sani ba, a yanka dabba a wanke su, kowa ya kama gabansa."

"In ya sani?"

Ta ajiye dutsen gugar a tsaye. "Wannan ba a gidan nan aka haife shi ba. Wane ne?"

"Wani ne na gani a waya."

"Wayar nan za ta cinye maka ido. Ka gaya wa Yondela, MamTolo tawa, ta ajiye min fanke masu zafi ran Asabar. Na wancan makon sun yi tauri, amma kar ka faɗa mata."

Juma'a bayan an tashi daga coci na tafi wajen Tata Zolile. Yana zaune a kan akwatin lemo a jikin garken shanu, mataccen hannunsa a cinya. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bai sake taka fili ba.

Ya ce, "Ga mai gwiwar tsohuwa. Gobe za ku ba 'yan Gada ragon ko za ku bari su wahala tukuna?"

Ban faɗa masa sunan kowa ba. Na ce akwai ɗan wasan da na tura neman wani abu, ya samo, yanzu kuma ina so ya ɓoye shi na ɗan lokaci.

"Don amfanin ƙungiya?"

Na kawar da kai na kalli shanunsa.

"Me na koya maka a kan masu ɗagawa?"

"Su kama cinya, su miƙe hannu, su tashi tare."

"Wannan ko jaki ya sani. Ɗagawa ba wuya. Ka taɓa ganin alƙali ya busa don an ɗaga mutum? In ka sake shi a sama ne yake busawa. Kai ka ɗaga shi, kai za ka sauke shi a kan ƙafarsa."

"Ni fa, Tata? Wa zai sauke ni?"

Ya kalle ni da idon nan nasa mai ruwa. "Koci ba a ɗaga shi, yaro. A ƙasa yake tun farko. Miƙo min tabata."

Na miƙa masa. Na yi ta jira ko zai ƙara wani abu. Zancen kaskar shanu ya koma.

Asabar fili ya cika tun hantsi. An ɗaure ragon gasa a bayan a-kori-kura, yana ta kuka. 'Yan Gada sun zo da motoci biyu da waƙarsu. Matan coci sun jera kujerun roba a gefen layi, Makhulu a tsakiya cikin jar rigarta, bargo a gwiwa. Yondela tana can bayan turakun da za mu kai hari a zagaye na biyu, da bokitin fankenta.

A bayan ajin da muke sa kaya na kira Mawande gefe. Doka ta hana shiga fili da wani abu a hannu. Ya miƙo min hannun bai kalle ni ba. Na naɗe fatar da farin filasta, na sake naɗewa, har ba a ganin ko gashi ɗaya.

Na ce, "Yau Tolo ne."

"To, Koci."

Da ma gardama ya yi min.

Jifan farko, Fundile ya ce, "Tolo." Mawande ya tsaya kamar wanda ya ji an kira maƙwabci, sannan ya tuna. Kafin ya tashi, ƙaton 'yan Gada ya ɗauke ƙwallo.

Na biyu ya yi saurin tashi don ya gyara, masu ɗaga shi ba su shirya ba. Ya tafi a karkace, ya faɗo a kan kafaɗa. Ya tashi da kansa, ya koma layi.

Wani daga cikin 'yan Gada ya ce, "Tolonku ya tafi kiwo ne?" Aka yi dariya har cikin mutanenmu.

Da aka tafi hutu Fundile ya ja ni gefe, yana tofar da jini. "Koci, surukinka ya kurmance ne? Ko tafiyar da ya yi a can ya bar kunnensa?"

"Ka gwada Jola."

"Jola ko an ɗora shi a kan jaki ba zai kai hammatar wancan ba."

"Ka gwada."

Ya gwada. Aka ƙwace.

Ku da kuke karantawa, kar ku ɗauka Mawande yajin aiki yake min. Na san mai yaji. Wannan ƙoƙari yake da duk ƙarfinsa. Ina ganinsa kafin kowane jifa yana motsa baki, yana maimaita wa kansa Tolo, Tolo, kamar ɗalibi a bakin ɗakin jarrabawa. Jikinsa ne ya daina amsawa.

Lokaci ya kusa ƙarewa suna gabanmu da kaɗan. Suka yi laifi aka ba mu bugu, Fundile ya buga ƙwallo ta fita dab da layinsu, jifa namu ne. Alƙali ya duba agogo ya ɗaga yatsa, wato wannan ne na ƙarshe.

A gabana suka jera. Girar Mawande ta fashe, jini yana bin kuncinsa. Filastan ya warware da gumi, gashin akuyar ya leƙo. Sai na ga ya kai hannun baki, yana jan filastan da haƙori, yana tura fatar ciki da babban yatsa, yana waige kar wani ya gani. Ya yi tafiyar da bai taɓa yi ba ya samo abin nan. Ni na tura shi. Ga shi yana ɓoye shi kamar kayan sata, don ni.

Fundile ya ɗaga ƙwallo bisa kai, ya juyo ya kalle ni.

Na kalli bayan turaku. Yondela ta ajiye bokiti. Ta girgiza min kai, kaɗan, yadda ni kaɗai zan gani.

Ba zan ce muku na yi tunani na zaɓa ba. Bakina ne ya buɗe.

"Maduna."

Fundile ya yamutsa fuska. "Wa?"

Na ɗaga murya yadda har masu sayar da nama a bakin hanya sai da suka ji. "Maduna!"

Makhulu ta zaci kakanninmu nake kira su kawo ɗauki. Ta miƙe, bargo ya faɗi, ta karɓe kirarin dangin namu. "Gubevu! Nokhala!" Ta rangaɗa guɗa, matan coci suka taya ta.

Mawande ya tashi.

Ban taɓa ganin ɗan Adam ya kai can ba. Fundile bai ma gane ba, ganin mutum a sama kawai ya yi ya jefa. Ƙaton 'yan Gada yana laluben iska a wajen cibiyarsa. Ya cafe da hannu biyu, filastan ya ƙarasa ficewa ya faɗo kamar ɓawon albasa. Masu ɗaga shi suka sauke shi a hankali, ƙafa biyu a ƙasa. Sauran suka dunƙule a bayansa suka tura, suka tura, har suka zube a bayan layi. Usur ya tashi.

Fili ya rikice. Amma ni guɗa ɗaya nake saurare, kuma a tsakiya ta yanke.

Makhulu ce take wanke rigunan Shaho tun zamanin Tata Zolile. Ta san in an kira suna, mai sunan ne yake tashi. Tana tsaye, hannunta a sama inda guɗar ta bar shi. Ta kalli Mawande. Ta kalli fatar da ke hannunsa. Sannan a hankali ta juya ta kalli bayan turaku. Matan da ke gefenta suka bi idonta ɗaya bayan ɗaya.

Mawande ya ratso mutane ya tsaya a gabana, jini da hawaye sun haɗu a haɓarsa.

"Koci, ban roƙe ka ba."

"Na sani."

"Wallahi na yi ƙoƙari."

"Na gani. Ka sauka lafiya?"

Ya ɗaga kai. Kafin ya ƙara magana suka sure shi, suka tafi kwance rago suna waƙa. Fundile ya tsaya kaɗan yana kallona, bakinsa a buɗe, ya gama lissafinsa, ya kawar da kai ya bi su.

Bayan turaku babu kowa. Bokitin yana nan a buɗe, yara sun kewaye shi suna ɗiba.

Makhulu ta naɗe bargonta ta ba wata ta riƙe. Ta gyara farar hularta, ta ɗauki sanda. Na zaci wajena za ta zo, na shirya. Ta wuce ta gabana ko kallo ban samu ba, ta kama hanyar da ta bi ta bakin famfo ta haura gidan innar su Yondela.

Na ciro waya in ce mata ga Makhulu nan tafe. Ta riga ni.

*An yi wasa mai kyau, Bhuti.*

A ƙasan saƙon alama ta nuna tana rubutu. Ta ɓace. Ta sake fitowa, ta daɗe, ta sake ɓacewa.

Ina tsaye a tsakiyar fili, ana ta dukan bayana ana min barka. Na danna wurin amsa. Har yanzu ban tura komai ba. Ni da na haddace dangin kowa a ƙauyen nan, ban san da wane suna zan kira ta ba.